Keke Biyu Ko Uku A Bayan But

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da maman Tsako da shi Tsakon kansa. Mu nan Yayarka lafiyarta ƙalau, sai dai mijinta haƙori ya sa shi gaba, kumatunsa ya kumbura gefe ɗaya, kuma ya ƙi zuwa a cire. 'Yan biyunta sun warke daga mura. Kawunka ƙafar ce dai, in ya zauna ba ya son tashi, in ya tashi ba ya son zama. Ni alhamdu lillahi, idon hagu ne kawai ke ruwa in na daɗe a kan takarda.

Wasiƙarka ta iso. Na karanta inda ka ce Tsako ya iya keke, na yi murna har na leƙa na faɗa wa maƙwabta. Sai da na dawo na zauna na ƙarasa layin, na ga ashe Malama, uwar matarka, ita ce ta riƙe masa sirdi tana bin sa da gudu a harabar gidanku, har ta sake shi bai sani ba. Madalla. Allah ya saka mata da alheri. Mace sa'ata tana gudu a bayan keke, lallai aikin koyarwa bai ci mata gwiwa ba. Lokacin da ka ce ta bar aiki ta kama ɗaki kusa da ku, na ɗauka hutawa ta zo yi.

Ba ƙorafi nake ba. Yaro na kowa ne. Amma kai da kanka ka san wa ya koya maka tafiya, ya koya wa Yayarka, kuma babu wanda ya fasa haƙori a hannuna. Da an jira hutun makaranta, ga fili a bayan gidanmu babu mota babu babur, da na zauna a kan kujera ina kallo, Kawunka ya riƙe sirdin. Abu ya riga ya wuce.

Wani abu kuma. Ranar da ka ba shi waya mu gaisa, na ji da kunnena yana ce wa uwarsa, “Kakar waya ce.” Ita kuwa Malama na ji yana kiranta Kaka kawai, ba ƙari. Ban ce a dake shi ba. Tambaya nake, wa ya raɗa mini wannan suna? Yaro ba ya ƙago irin wannan shi kaɗai.

Kada ka ce za ka kira ni mu yi magana. A waya kullum kana tsaye a bakin ƙofar ofis, rabin hankalinka a ciki, kafin in haɗa magana ka ce sai an jima. Takarda kuwa tana zama da ni. Ban sha wahalar ajin manya da furfura a kaina ba don in ajiye alƙalami. Ka rubuto.

Ka ce mini yaya cin abincinka. A hoton ƙarshe wuyan rigarka ya matse ka.

Mahaifiyarka.

*

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Duk muna lafiya. A ce wa mijin Yaya in yana jiran haƙorin ya fita don kansa ne, to ya shirya doguwar jira. A gaishe da Kawu.

Inna, babu wanda ya raɗa miki suna. Tsako ne ya ga kullum ta waya yake jin ki. Na yi masa faɗa, ya ce to in ba haka ba ya zai bambanta ku. Da hutu ya zo za mu taho, ki gyara sunan da bakinki.

Kin yi gaskiya a kan wuyan riga. Na je an auna ni, likita ya ce jinina ya ɗan hau, kuma zama ya yi mini yawa, daga kujerar ofis sai ta mota. Ya ba ni magani, ya ce amma maganin ba zai yi aikin ƙafa ba. Ya ce keke ya fi mini gudu saboda gwiwa. Na sayi na hannu, mai kyau. Kada ki ɗaga hankalinki, an tari abin da wuri.

Matsalar ita ce titin gidanmu manyan motoci ne ke bi, ba wurin da yaro zai hau keke ba ne, ni ma ban yarda da kaina a kai ba. Amma can bayan gari akwai tafki da aka zagaye da siririyar hanya, ba a barin mota ta shiga. Nan muke so mu riƙa zuwa ran Asabar. Sai dai a kai kekunan da mota, kuma but ɗin motata kin san shi, akwati biyu ya cika. Na gwada cusa na Tsako a kujerar baya, feda ta yaga mini kujera.

Don haka maratayin keke zan saya, irin wanda ake ɗaurawa a kan murfin but. Ƙarfe ne mai naɗewa, yana jingina da mota a kan wasu robobi masu laushi, sai maɗaurai masu ƙugiya da ake maƙalawa a bakin murfin, sama da ƙasa da gefe, a ja su su yi tsam. Hannuwa biyu ne suke miƙowa baya, a kansu ake rataya kekunan. Akwai na saman rufi, amma ɗaga keke har sama ba na bayana ba ne. Akwai na ƙugiyar jan kaya ta bayan mota, motata ba ta da ita.

Na je shagon, mai shagon ya duba littafinsa ya ce iri biyu ne suka dace da motata. Ɗaya keke biyu yake ɗauka, ɗaya uku. Ina tunanin mai ukun, don Malama ma tana da kekenta, kuma Tsako ya saba da ita a gefensa. Tunda kullum kina cewa ba a shawara da ke, ga shi na kawo. Me kika gani?

Ɗanki,
Auta.

*

Auta,

Muna lafiya, ban da mijin Yayarka da har yanzu yake magana da rabin baki. Maganar jini na ji. Ka sha maganinka, ka rage gishiri. Likitoci ba sa barin mutum ya fita hannu rabbana, ko lafiya ka je sai sun samo maka abu. Kai tun kana goye kake da jiki.

Maganar maratayi ban ɗauke ta da wasa ba. Na sa mayafi na je wurin mai facin da ke bakin titinmu, na same shi yana tsoma robar taya a ruwa yana neman huji. Na karanta masa inda ka kwatanta abin. Ya ɗago ya ce, “Inna, keke za ki fara hawa ne?” Na ce, “Kakarka ce za ta hau. Amsa mini abin da na tambaye ka.”

Ga abin da ya ce, na sa ya maimaita ina rubutawa. Duk nauyin kekunan a kan murfin but yake sauka, murfin kuwa gwangwani ne, in nauyi ya yi yawa sai ya lotsa. Maɗauran suna saki in an yi tafiya, sai an tsaya an ƙara ja. Keke na iya rufe lambar mota da danja, na bayanka bai ga ka taka birki ba. In taya ta sauko kusa da salansa, zafi zai narka ta. In ƙura ta shiga tsakanin roba da fenti, sai ta goge shi kamar an sa tsakuwa. Kuma ya ce keken mata ba shi da ƙarfen tsakiya da ake ratayawa da shi, sai an sayo wata sanda daban an maƙala masa tsakanin sirdi da wuya. Ka ga wata hidimar ke nan. Na san na Malama na mata ne, ko ba ka faɗa ba.

Na ce masa, to uku fa? Ya ce wai in takardar maratayin ta ce zai ɗauki nauyin, kuma an gwada shi da irin motar, uku ba laifi. Na ce, “Kai kana da ɗa a cikin motar?” Ya ce ba shi da ko motar. Na ce to ka gani.

Ni dai biyu na gani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Keke uku suna lilo a bayan ƙaramar mota, da jikana a kujerar baya, gilashi kaɗai ne tsakaninsu. Tun da na karanta nake ganin abin a idona. Biyu sun isa, uba da ɗansa. Ai haka ya kamata a gan ku. Babanka bai samu ya yi irin wannan da kai ba, kullum yana wurin aiki, kai ka samu.

Ita kuma baiwar Allah a bar ta ta huta ran Asabar. Kwana shida tana tare da shi, ta kai shi makaranta, ta ɗauko shi, ta yi masa karatu da irin muryarta ta malamai. Ko ɗan aiki yana da ranar hutu. In ta faɗi a bakin tafkin nan ta karye, me za ka ce wa danginta? Kai ne suruki, a kanka za a ɗora.

Yayarka ta shigo ina rubutun nan, ta karanta ta saman kafaɗata, halin da na hana ta tun tana ƙarama. Ta ce, “Inna, anya nauyin ƙarfe ne ke damunki?” Na ce to nauyin me? Ta yi dariya ta ɗauki yaranta ta fita. 'Ya'yan yanzu ke nan. Ni ba ni da komai da Malama. Sau biyu muka taɓa haɗuwa, kuma duka biyun ta gaishe ni da kyau, har ta gyara mini riƙon alƙalami a gaban mutane ranar da muka sa hannu a takardar asibiti da aka haifi Tsako. Na gode mata a lokacin.

Ka sayi mai biyu. Ka goge murfin kafin ka ɗaura.

Mahaifiyarka.

*

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Wannan gajeruwa ce, aiki ya taso mu gaba a ofis.

Na bi shawararki, na sayi mai biyu. Mai shagon ya fito ya nuna mini yadda ake ɗaurawa, ya kama shi ya girgiza, motar ce ta motsa, shi bai motsa ba. Lamba tana fita, danja ma haka. Ina goge murfin kamar yadda kika ce, kuma ina tsayawa a gidan mai in ƙara jan maɗauran. Ki ce wa mai faci ya iya aikinsa.

Mun fara zuwa tafkin. Tsako yanzu har da sakin hannu ɗaya, in na yi magana ya ce ƙuda ya kora. Ga hoto na sa miki a ciki.

Auta.

*

Auta,

Allah ya yi maka albarka. Da na karanta ka ce ka bi shawarata, sai da na kira Yayarka na nuna mata layin da yatsa. Mijinta an cire haƙorin, yanzu yana ba kowa labari kamar yaƙi ya je. Kawunka yana nan yadda ka san shi.

Hoton na jingina shi da madubi. Tsako ya yi tsawo, ƙafafun na gidanmu ne, duk wanda ya san Babanka ba zai yi musu ba. Hular kwanon ta yi masa yawa, a matse igiyar.

Sai dai na sa tabarau na sake dubawa da rana a bakin taga. Wadda ke gefensa a kan koren keke mai kwando, ai Malama ce. To yaya aka yi ta je? Na ce wataƙila wani ya kai ta. Sai na ga motarka a can baya ƙarƙashin bishiya, maratayin a jiki, hannuwansa babu komai. Keke biyu ne a hoton, na yaro da koren. Na duba gefen bishiyar, na duba bayan bencin, har na juya hoton kamar zan gan shi a baya. Ina naka?

Na san kai ka ɗauki hoton, shi ya sa ba ka ciki. Amma mai ɗaukar hoto yana jingine kekensa a wani wuri. Ka ce mini yana inda hoton bai kai ba, hankalina ya kwanta. Ko kuwa ranar ce kaɗai ta bi ku, kai ka bar mata wuri don kara? In haka ne ba komai, sau ɗaya ba ya zama hali. Amma ka san mutum in aka ba shi wurin zama, sai ya nemi na miƙe ƙafa.

Kuma wa ya saya mata sandar nan ta keken mata? Na gan ta a hoton, ja ce, a cikin kwandon.

Ka amsa mini da wuri.

Mahaifiyarka.

*

Auta,

Shiru. Wata ya kusa zagayowa ban ga takardarka ba. Na je gidan waya har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga ƙofa. Na sa Yayarka ta kira ka, ka ce mata kana cikin taro, muryarka kuma ta ce ba ta yi mata ba.

In maganar wurin miƙe ƙafa ce ta ɓata maka rai, ko matarka ta gani ta ji zafi, ka faɗa mini. Ban ambaci sunan kowa ba. Amma ba a yi wa uwa horo da shiru. Ko kuwa yanzu akwai mai karanta maka wasiƙuna ta gyara kurakuran, sannan ta ce wadda za a amsa?

Wannan layin na ƙarshe na so in goge, amma da biro na rubuta, kuma ba ni da wata takardar. Ka bar shi a inda yake, kada ka ɗauka.

Ba na cin abinci sosai. Ban faɗa don ka damu ba.

Mahaifiyarka.

*

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ku da girmamawa. Ni ce maman Tsako. Ban taɓa rubuto muku ba, ku yi haƙuri da na fara da irin wannan. Baban Tsako bai san na rubuta ba tukuna, amma zan faɗa masa da zarar na aika.

Da farko, yana lafiya yanzu. Jiri ne ya ɗebe shi a ofis, abokan aikinsa suka kai shi asibiti, aka riƙe shi aka sallame shi, ya ɗan huta a gida. Jinin ne ya ƙara hawa. Bai rubuto ba don ya ce in ya rubuta sai ya yi muku ƙarya, in kuma ya faɗi gaskiya za ku hau mota ku taho da ciwon ido. Ba fushi yake ba. Wasiƙunku suna cikin aljihun jakarsa, babu mai karanta su sai shi. Ta ƙarshen ce kawai ya bari a kan tebur, idona ya faɗa a kai, ban kuma ɗauka ba, kamar yadda kuka ce.

Ya ce mini kun tambayi ina kekensa. Yana ƙarƙashin matakala, tayarsa ta baya ta sace. Tun da aka sayi maratayin bai hau shi ba.

Ga yadda aka yi. Asabar ɗin farko ya fito da nasa da na Tsako zai rataya, sai ga mahaifiyata ta iso da nata tana turawa, don Tsako ya riga ya ce mata za a je. Da ta ga wurin biyu ne, ta ce, “Ku tafi abinku, ni dama ina da wanki.” Tsako ya zauna a ƙasa ya ce in ba Kaka, ba shi ba tafki. Shi kuma kun san ɗanku. Ya ce ba zai iya tayar da mota ya bar surukarsa tsaye a bakin ƙofa da keke a hannu ba. Ya sauke nasa. Ta ce, “Haba, ɗana, kai likita ya ce wa ka hau, ba ni ba.” Ya ce shi zai riƙa zagayawa da ƙafa. Ranar da igiya aka ɗaure nata, washegari ya je ya sayo mata sandar da kuka gani a hoton.

Da ƙafar ma ba ya zagayawa. A benci yake zama da waya a hannu, su biyu su yi ta kewaya tafki, in sun zo wucewa ya ɗaga musu hannu. Mahaifiyata ba ta iya tuƙi ba, ni kuma ran Asabar ina kanti, don haka dole shi ne direba. Ta sha cewa su yi karɓa-karɓa, ya hau nata. Ya gwada sau ɗaya, gwiwarsa na dukan kan keken, Tsako ya yi ta dariya, bai sake ba.

Na je shagon da kaina. Mai shagon ya ce tunda maratayin bai ji jiki ba kuma kwalinsa na nan, zai karɓa ya ba mu mai ukun a cika masa, amma zuwa ƙarshen watan nan kawai. Na tambaye shi nauyi, ya ɗora kekuna irin namu a ma'auni ɗaya bayan ɗaya, ya ce ba su kai iyakar da aka rubuta ba. Na faɗa wa baban Tsako, ya ce a'a, Inna ta ce biyu, kuma rabon da Inna ta yi murna da shi irin haka ya manta. Na yi magana har na gaji. Mahaifiyata ta ce ba za ta sa baki tsakanin ɗa da uwarsa ba.

Ni ba zan ce muku ga abin da za ku yi ba. Na dai ga ya kamata ku sani. Tsako yana gaishe ku, ya ce a tambaye ku ko filin bayan gidanku yana da gangara.

'Yarku,
Maman Tsako.

*

Auta,

Kowa a nan lafiya, ban da ni.

Takardar matarka ta iso. Kada ka yi mata faɗa, ta fi ka hankali. An kwantar da kai a asibiti, baƙi suka ɗauke ka, surukarka ta sani, mai shagon ƙarfe ma ina jin ya sani, ni da na haife ka ina can gidan waya ina wa ma'aikaci kallon ɓarawo. Wannan za mu yi maganarsa ido da ido. Yau ba shi ne a gabana ba.

Babanka ma da jiri ya fara. Kai kana ƙarami, ba ka sani ba. Ya ce gajiya ce, ni ma na ce gajiya ce.

Wa ya ce maka ka sauke naka? Na ce biyu, uba da ɗansa, da baƙi a kan fari na rubuta. Ban aike ka ka zama direban kowa ba, kana zaune a benci kamar mai gadin takalma, mutane suna shan iska da kekunansu. Garin neman gira an tashi rasa ido. Kunyar suruka abu ne mai kyau, ni na koya maka, amma ban ce ka biya ta da jininka ba.

Na koma wurin mai faci. Na ce masa duk shi ya ja, da bakinsa na lotsawar murfi da narkewar taya. Ya ajiye famfo ya ce, “Inna, ai na ce miki uku ba laifi, kika tambaye ni ko ina da ɗa.” Na ce to me ya hana ka nace? Ya ce yana son ya ci gaba da zama a unguwar nan. Yayarka tana tsaye tana danne dariya, na ce ta wuce gida.

Ka ɗauki kwalin ka mayar. Ka karɓo mai ukun. Ni ce na ce, tunda sai na ce kake ji. Ka sa iska a tayar nan, ka hau, ka zagaya tafkin har rigarka ta jiƙe. Ka sa matarka ta tsaya a kanka ranar da za a je shagon, don na san ka, za ka ce taro.

Kada ka ɗauka na sauka daga maganata. Har gobe ina ganin yaro ya fi kyau da ubansa su biyu. Kuma har gobe yana ci mini rai cewa wata ce take jin dariyarsa in ya saki hannu, ni sai dai a ba ni labari a takarda. Ba zan ɓoye maka ba, hoton nan na naɗe gefensa ɗaya kafin in mayar jikin madubi. Amma in zaɓin shi ne ta hau kai ma ka hau, ko ta hau kai kana benci, to ta hau. Ka gaishe ta. Ka ce na gode da ta ce maka kai likita ya ce wa. Iyakar abin da za ka faɗa mata ke nan, kada ka ƙara gishiri.

Na tambayi mai faci yadda ake jera uku. Ya ce mafi nauyi a jikin mota, mafi sauƙi a waje, a juya kawunansu su saɓa, a sa tsumma inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe. Na ce tsakanin keken namiji da na mata mai kwando da sanda, wanne ya fi nauyi? Ya ce sai ya gani. Na ce na mata ne, ya ce to na mata ne. Saboda haka nata a ciki, na Tsako a waje, naka a tsakiya. Ko ma'aunin mai shago ya ce wani abu daban, naka a tsakiya.

Ka ce wa Tsako filin yana da gangara, kuma ni kaɗai na san inda take.

Watan nan ran Laraba zai ƙare. Ina son amsarka a hannuna kafin ranar, da hoton bayan motar an rataya duka ukun, da wani kuma kana kan sirdi, ƙafarka a kan feda ba a ƙasa ba. Ka ba Malama ta ɗauka, tunda tana wurin. In Laraba ta yi ban ga komai ba, na riga na tambayi motar safe, kuma Kawunka ya ce zai raka ni da ƙafar tasa.

Mahaifiyarka.